Zaman cuɗanya a unguwanninmu: alherinsa da kuma waɗanda yake dannewa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Malam Edita ina gaishe ka tare da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Don Allah a ɗan sam mini fili in tofa albarkacin bakina kan wata muhawara da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a majalisu da Facebook da guruf-guruf na WhatsApp, wato batun zaman unguwa irin namu na cuɗanya. Dattawa kullum kukansu ɗaya, wai zumunci ya mutu, kowa ya ja katanga ya sa get ya rufe, maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba. Matasa kuma musamman waɗanda suka ɗan samu abin hannu cewa suke Allah ya raba su da zaman sa ido da gulma, da zarar mutum ya samu hali sai ya tattara ya bar cikin gari. Ni a wani lungu na cikin birnin Kano aka haife ni a can na girma, yanzu kuma ina zaune a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin bayan gari, toh na ɗanɗana duka biyun, kuma abin da na gani shi ne kowane ɓangare na faɗin rabin gaskiya ne ya haɗiye sauran.

Bari in fara da alherin tunda shi ya fi yawa, kuma wallahi duk wanda ya raina shi bai taɓa shiga halin ni 'yasu ba. A lungunmu idan aka yi rasuwa da daddare, kafin a idar da sallar asuba magana ta zaga, liman ya sanar, kafin rana ta fito an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, yara sun ɗauko makara daga masallaci, samari sun wuce maƙabarta da diga da shebur, wani tela ya zauna ɗinkin likkafani ba wanda ya ce masa nawa ne, mata kuma ta cikin gida sun shigo sun karɓe komai, wata ta ɗauke ƙananan yaran ta kai gidanta, wata ta hura wuta. Kwana uku masu gidan ba za su ɗora tukunya ba, kwanuka ne kawai ke shigowa, wannan tuwo wannan ɗanwake wannan kunu a bokiti, har sai an rasa kwanon wa ye wannan. Babu wanda ya tsara, babu kwamiti, babu takarda. Talakan da ba shi da ko sisi a aljihu za a yi masa sutura cikin mutunci daidai da ta mai kuɗi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne kuma ba ko'ina ake samunsa a duniya ba.

Haka batun rashin lafiya. A ƙasar nan sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a harkar lafiya daga aljihun mutane yake fitowa kai tsaye, inshorar lafiya kuwa duk da an yi sabuwar doka a 2022 har yau mafi yawan masu ita ma'aikatan gwamnati ne da na manyan kamfanoni. Toh ɗan dako ko mai sayar da rake ko ɗan adaidaita da aka ce matarsa sai an yi mata tiyata kafin ta haihu, ina zai nufa? Ai unguwa zai nufa. Bayan sallar magariba wani dattijo ya miƙe ya ce jama'a ɗan'uwanmu wane yana cikin wani hali, a shimfiɗa rawani ko a zagaya da hula, wannan ya jefa ɗari biyar wancan dubu, Alhajin unguwa ya cika sauran, wani mai mota ya ce a zo a tafi. Mutane nawa ne ke raye yau saboda wannan karo-karon? Allah kaɗai ya sani.

Mu tuna farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi ɓatan dabo, mutum na da kuɗi a banki amma ba zai iya sayen garin kwaki ba, layin POS har bakin titi, taransifa kuma ta maƙale. Abin da ya riƙe gidaje da yawa a cikin gari shi ne littafin bashin mai shagon lungu. Ka aiki yaro ya ce in ji babana a ba da shinkafa gwangwani huɗu da mai da magi, mai shago ya buɗe wani tsohon littafi da bangonsa ya cinye ya rubuta, shikenan. Bai nemi jingina ba saboda ya san ubanka ya san kakanka kuma ya san gobe da asuba a sahu ɗaya za ku tsaya. A sabuwar unguwar da nake kuwa mai kanti ya manna takarda a jikin ƙofa cewa babu bashi, kuma ban ga laifinsa ba, bai san mu ba, rabin mutanen layin 'yan haya ne da za su iya kwashe kaya cikin dare. Sannan bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 da kaya suka yi tashin gwauron zabi, adashin mata da 'yar cuɗe-ni-in-cuɗe-ka ta maƙwabta su ne suka hana gidaje da dama kwana da yunwa. Uwar adashi ba ta da lasin ba ta da ofis amma matan lungu sun fi yarda da ita a kan banki.

Idan muka ɗaga kai muka dubi abin da ya fi unguwa ɗaya girma, rikicin Boko Haram ya raba sama da mutum miliyan 2 da gidajensu a Arewa maso Gabas, kuma abin da ba a cika faɗa ba shi ne mafi yawansu ba a sansanin gudun hijira suka zauna ba, gidajen 'yan'uwa da 'yan garinsu da ma waɗanda ba su san su ba suka sauka a Maiduguri da Yola da Damaturu. Gidan mutum goma ya koma na talatin. Haka daga 2019 da 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyukan Sakkwato da Zamfara da Katsina, dubban mutane sun tsallaka jihar Maraɗi ta Nijar, ƙauyukan bakin iyaka ne suka fara karɓarsu suka raba ɗan hatsin rumbunsu da su tun kafin ƙungiyoyin agaji su iso. Da a ce mu mutane ne masu zaman kowa tasa ta fishshe shi da gawarwakin yunwa sun fi na bindiga yawa.

Kasuwancinmu ma a kan wannan sanayyar aka gina shi. Fataken goro na da, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, da suke tafiya har Gwanja ta ƙasar Ghana ta yanzu, ba banki ba waya, amana ce kawai tsakanin dangi da 'yan gari ɗaya, a cikin irin wannan tsarin Alhassan Ɗantata ya taso har ya zama abin da ya zama kafin rasuwarsa a 1955. A Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan da aka kafa tun 1916, baƙo zai sauka da shanunsa a gidan maigida, a ba shi masauki da abinci, a sayar da shanun bashi ga mahauta, maigidan ne zai tsaya a kan kuɗin, in ya ci amana sau ɗaya labari ya kai Arewa ba mai ƙara sauka a gidansa. Har gobe a Kantin Kwari da Singa da Dawanau haka abin yake, yaro ya zauna a shagon ubangidansa shekaru yana koyon ciniki, ranar da aka ga ya isa a ba shi kaya bashi a ce je ka ka nema. Wace hukuma ce ta samar wa matasa aikin da wannan tsarin ya samar?

Na kuma yarda da dattawa kan batun tarbiyya. Da can ɗa na kowa ne, in ka yi rashin kunya a wani lungu kafin ka iso gida an hukunta ka kuma labarin ya riga ka zuwa, in ka ƙi zuwa makarantar allo duk wanda ya gan ka zai kora ka. A inda nake yanzu an taɓa yin rasuwa a gida na huɗu daga nawa, sai bayan an kai mamacin muka ji, daga ganin motoci a ƙofar gida. Ranar na ji ba daɗi sosai.

Toh amma Malam Edita ga inda nake rabuwa da masu cewa komai na zaman da alheri ne. Wannan sanayyar da take sa a tara maka kuɗin asibiti ita ce kuma take sa a danne gaskiya idan mai laifin na gida ne, kuma waɗanda ake dannewa kusan kullum su ne marasa baki, yara da mata da marayu da baƙi.

Maganar fyaɗe nake nufi da farko, kuma ba zan ɓoye-ɓoye ba. Na san wata yarinya da ba ta kai shekara goma ba, ana aikenta talla, wani magidanci da kowa ya sani a unguwa ya lalata ta. Uwar ta gane, ta yi kuka ta ce sai an kai hukuma. Kafin la'asar an tara dattawa a zaure, an kira uban yarinyar, mutum ne mai ƙaramin ƙarfi da yake cin abinci a ƙarƙashin wani ɗan'uwan mai laifin. Aka fara, wannan ya ce a rufa asiri, wancan ya ce ku duba makomar yarinyar wa zai aure ta in magana ta fita, wani ya ce shi fa mai iyali ne 'ya'yansa za su shiga ina, wani ma har ya ce ai in ɓera da sata daddawa ma da wari, me ya kai ta zauren mutane, yarinyar da ko wankan kanta ba ta gama iyawa ba. Aka ce ya biya kuɗin magani, aka shafa fatiha, aka watse. Uwar ko zauren ba a bari ta shiga ba, ta bayan labule take jin ana yanke hukunci a kan 'yarta. Mutumin nan ya ci gaba da zama a majalisa ana gaisawa da shi, yarinyar kuwa ita aka tura ƙauye wajen kakarta, karatunta ya tsaya. Duk wanda ya zauna a cikin gari ko ƙauye ya san irin wannan labarin ba ɗaya ba ba biyu ba, sai dai in bai so faɗa ba.

Abin da dattawan zauren nan ba su sani ba ko ba su damu su sani ba shi ne akwai maganin kariya daga cutar HIV da ake ba wanda aka yi wa fyaɗe, kuma dole a fara shi cikin awa 72, in lokacin ya wuce ya wuce. Shaidar da likita zai gani a jiki ma in an yi wanka an wanke kaya an ɗauki kwanaki ɓacewa take. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala da aka buɗe musamman don irin wannan, amma kwanakin da ya kamata a ce an garzaya da yarinya can su ne ake cinyewa a zaman sulhu. Sannan shi mai laifin da ya ga ya sha, me zai hana shi komawa kan wata? Jihar Kano ta sa hannu a dokar kare yara a 2023, amma doka ba ta aiki kan ƙarar da ba a kai ba.

Kuma kar wani ya jingina wannan da addini. Allah ya ce a Suratun Nisa'i aya ta 135 mu tsaya da adalci mu ba da shaida saboda Shi ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi na kusa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ke zalunci ko shi aka zalunta, sahabbai sun tambaya yaya za a taimaki azzalumi, ya ce ka hana shi zaluncin. Suturta Musulmi da ake kwaɗaitarwa daban, taimaka wa mai cutar da yara ya kuɓuta daban. Tsoron abin kunya ne kawai da tsoron ɓata da masu hali, mu kira shi da sunansa.

Irin wannan shirun ne ke raya daba da ƙwacen waya. Wallahi babu lungun da ba a san gidan da ake sayar da ƙwaya ba, an san yaron da ke fita da wuƙa bayan magariba, an san wanda ke karɓar wayoyin sata ya canza musu lamba. Amma ɗan wane ne, jikan wance ne, uwarsa ƙawar uwata ce, in na kai rahoto gobe da wane ido zan kalli gidansu, kuma wa zai kare ni in aka sako shi. In ma 'yan sanda suka kama shi, mutanen unguwar ne za su yi ayari su je beli. Sai ranar da ya soke ɗan wani lungun ya mutu sannan a fara salati. Na san tsoron da mutane ke ji gaskiya ne don sau da yawa sunan mai kai rahoto na fita, wannan laifin hukuma ne kuma dole ta gyara, amma namu laifin shi ne mun mayar da yaron unguwarmu wanda ba ya laifi matuƙar a waje yake ɓarnar.

Sai auren zumunci. Ni ba na cikin masu zaginsa gaba ɗaya, halal ne kuma akwai gidajen da ya yi musu albarka. Matsalar ita ce yadda ake yinsa da ƙarfin tsiya da kuma ƙin gwaji. Najeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar masu cutar sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 duk shekara. Lissafin kuma ba ɓoyayye ba ne, in namiji AS ne mace AS ce, wato kowannensu na ɗauke da gadon cutar a jininsa ba tare da ta bayyana ba, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS, wato mai sikila, kuma 'yan'uwan jini sun fi yiwuwar ɗauke da abu iri ɗaya tunda kakansu ɗaya. Amma ka je ka ce wa kawu a yi gwaji kafin a ɗaura auren 'yarsa da ɗan ƙaninsa, sai ya ce kana zargin jininmu ne, mu da muka yi namu wane gwaji muka yi. Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti da yaro mai sikila yana ihun ciwon ƙashi ana neman jini da tsakar dare ba zai ɗauki wannan da wasa ba. Na ji daɗi da gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure a watan Mayun 2024, sai dai fa limamin da ke ɗaura auren ɗan unguwa ne, waliyyan abokansa ne, in bai da ƙarfin halin cewa ina takarda, dokar ta zama ado. Sannan in auren zumuncin ya lalace ba mutum biyu ke rabuwa ba, gida biyu ne, wa da ƙani su daina gaisawa, shi ya sa ake tilasta wa yarinya ta yi ta haƙuri ko da dukanta ake yi, wai kar zumunci ya ɓaci.

Akwai wani misali da nake so masu karatu su yi tunani a kansa don ya nuna fuska biyun a lokaci ɗaya, wato rigakafin shan inna. A 2003 jita-jita ta bazu cewa allurar na hana haihuwa, har Kano ta dakatar da ita sai a 2004 aka dawo, a tsakanin nan cutar ta yaɗu har zuwa wasu ƙasashe, yara da yawa suka shanye. Mutane na da dalilin zargi, ba su manta gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara lokacin annobar sanƙarau a 1996 ba. Amma abin da ya ba jita-jitar ƙarfi shi ne daga bakin wanda ka yarda da shi take fitowa, maƙwabcinka, malaminka, surukarka, in duk layi sun rufe ƙofa kai wa ye da za ka buɗe taka. Toh kuma me ya kawo ƙarshen abin? Wannan hanyar dai. Sai da aka shigo da sarakuna da hakimai da dagatai da masu unguwanni da limamai, aka ɗauki matan unguwa da aka sani su ne ke shiga gida-gida, sannan ƙofofi suka buɗe, har aka kai 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar cutar ta asali. Kenan duk abin da manyan unguwa suka sa a gaba shi ke tafiya, ko gyara ko ɓarna, shi ya sa nauyin da ke kansu ba ƙarami ba ne.

Sa ido da gasa kuwa ba sai na ja ba, kowa ya sani. Lefe akwati kaza saboda na 'yar maƙwabta kaza ne, kayan ɗaki da gara da anko da dina, uba ya sayar da fili ko ya ci bashi don kar a yi da shi. Bazawara in ta fita neman sana'a a ce yawo take, yarinya in ta wuce sakandare a fara tambayar uwarta wai har yanzu ba miji, mai taɓin hankali ko mai ɗauke da HIV a ɓoye shi a ɗaki maimakon a kai asibiti don kar a ji. Suratul Hujurat aya ta 12 ta hana zato da bin diddigi da giba a jere, amma a majalisa bayan isha'i su ne abin hira. Sannan ga wanda Allah ya ɗan ɗaga a dangi, ƙaramin ma'aikaci mai albashin da ko wata ba ya kai shi, shi ne na kuɗin makarantar 'ya'yan yayye, shi ne na suna shi ne na asibiti, in ya ce babu a ce ya yi kuɗi ya canza. Taimakon dangi wajibi ne ban musa ba, amma akwai ƙarti majiya ƙarfi da suka mayar da zumunci sana'a, kuma da yawan matasan da ke gudu bayan gari ko Abuja wannan suke gudu ba wai sun ƙi 'yan'uwansu ba ne.

Abu na ƙarshe da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke yi wa baƙo. Mutum ya shekara talatin a unguwa, a nan ya haifi 'ya'yansa a nan ya aurar, amma ranar da ɗansa ya je neman takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma sai a ce ai ku ba 'yan nan ba ne, ranar neman aure a ce ba a san asalinsu ba, in an yi sata a layi kuwa gidan ɗan haya ake fara kallo. Alhali birnin nan da baƙi ya ginu, sunayen unguwanninmu ma sun isa shaida, Tudun Nufawa na Nufawa ne, Zangon Barebari na mutanen Borno, Ayagi ta Yarbawa, Agadasawa daga Agadas, Dandalin Turawa na Larabawan da suka ƙetaro sahara, Wangarawa kuwa tun zamanin Sarki Yaji suka zo da malanta. Kakanninmu sun karɓe su sun ba su wuri sun ba su aure har suka zama 'yan gari, yanzu jikokinsu ne wasu ke nuna wa na bayansu yatsa. Mun ji zafin abin da aka yi wa mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, mutanen gari suka haɗa kai a kan baƙin da ba su sani ba suka hallaka su ba bincike ba shari'a. Wannan shi ne ƙarshen inda haɗin kan gari ke kaiwa idan ya zama mu da su, kuma mu ma a nan in aka yi ihun ɓarawo a kan fuskar da ba a sani ba mun san abin da ke biyo baya.

Don haka ni ba na goyon bayan masu cewa a watse kowa ya kama gabansa, wanda ke faɗar haka yawanci yana da albashi da mota da katin asibiti, talaka in ka raba shi da unguwarsa ka gama da shi. Mu da muka koma sababbin unguwanni ma gara mu farfaɗo da abin da muka baro, mu san sunan maƙwabci, mu yi asusun masallaci na marasa lafiya da marayu a rubuce da ma'aji da bayanin shiga da fita duk wata, ba sai an jira Alhaji ɗaya ba. Amma roƙona ga iyayenmu masu unguwanni da dagatai da limamai shi ne su ware abin da zaure zai iya da wanda ba hurumin zaure ba ne. Rikicin kwata da iyakar fili da saɓanin miji da mata da bashi tsakanin maƙwabta, wannan a yi sulhu, sun fi kotu iyawa ma kuma sun fi sauri. Fyaɗe da sara-suka da dillancin ƙwaya kuwa mai unguwa da kansa ya kamata ya riƙe hannun uban yarinyar ya raka shi asibiti sannan ofishin 'yan sanda, don talaka shi kaɗai ba zai iya ja da masu hali ba amma in rawani na gaba ba mai tare shi. Masarautu su fito su faɗa a fili cewa duk mai unguwar da aka samu ya jagoranci rufe irin wannan laifi zai rasa rawaninsa. Limamai kuma su ƙi ɗaura aure sai sun ga takardar gwaji ko da 'yar aminin su ce, sannan duk zaman da za a yi kan yarinya ko matar aure a bar uwarta da ita kanta su yi magana a saurare su.

Ku ma 'yan jarida Malam Edita akwai naku, ku tura wakilanku su zauna da masu unguwanni da ma'aikatan cibiyoyi irin su Waraka da matan da ke aikin sa-kai a unguwanni, a tambaye su ƙararraki nawa ke zuwa a makare da kuma dalilin makarar, a buga ba tare da bayyana sunan yaran ko gidajensu ba, a kuma ba mu labarin masu unguwannin da suka tsaya tsayin daka suka ƙi a rufe, don akwai su kuma sun cancanci a san da su.

Na gode da wannan fili, Allah ya saka da alheri.

Naku,
Mai karatunku daga Kano